Kakar da Motar Hamma Ta Ƙi Tashi

Shin Inna ta san abin da take yi wa motar nan, ko ba ta sani ba? Na tambayi kaina ina yarinya, na tambayi kaina a ɗakin aure. Ga shi yanzu na fita takabar maigidana, idona ya yi rauni, jikata ce ke rubuta mini wannan magana, amma ban sami amsa ba. Waɗanda za su iya ba ni ita duk suna ƙasa.

Kakar shekarar da na yi famfara ce, da hantsi, ruwa ya ɗauke, gero ya sunkuya yana jiran yanka. Hamma, babban wana, ya yaye zana da tsofaffin buhunan da ya lulluɓe motar da su tun farkon damina. Kaji suka watse daga ƙarƙashinta, wata ma ta yi ƙwai a mazaunin direba. Mu yara muka jeru a kan falalen dutsen da mata ke shanyar tsaki, kowa ya toshe kunne tun kafin a yi komai, don mun san irin rurinta. Ya zuba mata ruwa, ya zuba fetur daga garwa, ya naɗe hannun riga. Sannan ya ɗauko handul, ƙarfen nan da ake zurawa ta gaban mota a murɗa, ya yi bisimilla ya murɗa. Ba ta ko yi tari ba. Ya sake, ya kuma sakewa, har gumi ya jiƙa masa baya. Ɗaya bayan ɗaya muka sauke hannu daga kunnuwanmu. A ƙauyen duka ba abin da kake ji sai luguden Inna daga bayan danga.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa, a gindin duwatsu, da 'yan dabinai a kwari. Mu Fulanin gida ne. Shanunmu sun ƙare a wata annoba tun ba a haife ni ba, sai 'yan kaɗan da Baffa, ƙanen mahaifina, yake lallaɓawa. Mahaifina ya rasu ina goye, Baffa ne ya riƙe gidan. A wancan lokaci mulkin Turawa bai tsufa ba, tsofaffinmu ma suna ba da labarin ranar da suka fara ganinsu kamar abin jiya. An tara mutane sun share hanya daga Kano, amma hanyar rani ce. Da ruwa ya sauka sai ta koma taɓo, rafuka su cika, mota ba ta da wurin bi sai bayan girbi.

Hamma ya tafi Kano cin rani yana saurayi, ya ɓace mana shekaru, sai ga shi wata rana ya dawo a cikin wannan ƙarfe yana tuƙa shi da kansa. Motar ba tasa ba ce. Ta wani attajiri ce na Kano mai sayen gyaɗa, kuma tun kafin ta zo hannunsa ta tsufa, an ce Bature ya fara hawa, sannan wani Kwara, Balaraben nan 'yan kasuwa, sannan shi. Bayanta katako ne, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. A shekarar da nake ba da labari ruwa ya rutsa da Hamma a gida, attajirin ya aiko cewa ya ajiye ta nan sai hanya ta bushe. Shi ya sa muka sami damina guda cif da shi, abin da ban taɓa samu ba tun da na yi wayo.

Dole in faɗi yadda Inna take da shi, don yaran yanzu ba za su gane ba. Hamma ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta zama su yi hira, ba ta nuna wa kowa ta damu da shi. Tun yaye aka kai shi wurin kakarmu a Buji, can ya tashi. Sunansa Umaru, amma ban taɓa jin wannan suna a bakin Inna ba. "Wancan" take ce masa, da ya zo da mota kuma ta koma "mai ƙarfen nan." In ya zo gaishe ta da safe, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuwa ta amsa tana fuskantar bango kamar da bangon take gaisawa. In tana da magana, ni take aika ko da yana zaune taku kaɗan daga gare ta. "Auta, ki tambayi wancan ko furar ta ishe shi." Shi ma ya ce, "Wawulo, ki ce wa Inna ta ishe ni." Wawulo yake kirana saboda giɓin haƙorana. Ni ce bakinsu su biyu, kuma a lokacin ina ɗaukar abin wasa ne.

Daminar nan ta yi mini daɗi. Da sassafe in share gindin rumbu, in ɗebo ruwa a rijiyar kwari da ɗan tuluna, in kai maruƙa bakin fadama. Da gero ya fara ido sai aka tura mu korar birai, don suna saukowa daga duwatsu garke guda, ba sa ko tsoron mace. Muna kaɗa tsohuwar garwar fetur suna kallonmu suna ci. Da la'asar 'yan mata mu yi carafke da 'ya'yan dabino, samari su sassaƙa motar kara, kowa yana cewa tasa ce ta Hamma. Shi kuwa yana gona tare da Baffa, hannunsa da ya saba da sitiyari ya yi ta kumburi da fartanya. Baffa ba ya barinsa ya huta da gori. "Saniyarka ba ta nono, ba ta taki, ba ta haihuwa, ga ta da shan mai," in ji shi. Hamma ya ce, "Amma ba ta taɓa cin gonar mutane an kai ka ƙara ba, Baffa." Baffa ya yi dariya har ya ƙware da goro.

Kafin ya lulluɓe motar ya taɓa buɗe mini gefen injin ya nuna mini cikinta. Ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe mai girman ɗan tulun yara, mai baƙin murfi, da wayoyi suna fita daga kansa. Ya ce sunansa maganeto, shi ke haifar wutar da ke bi ta wayoyin nan ta kunna mai. Ya ce, "Nan ran motar yake, Wawulo. In kin ga yara suna wasa a nan ki kore su. Kada ruwa ya taɓa wurin nan." Sai ya cire waya ɗaya ya ba ni in riƙe bakinta, ya je ya murɗa handul. Abin da ya sare ni har kafaɗa, irin na minjirya in ka taka ta a rafi, ya sa na yar da wayar na faɗi zaune ina kuka, shi kuma yana dariya yana cewa yanzu na gaisa da ita. Duk wannan a gindin dangarmu aka yi, Inna tana ɗaya gefen tana kaɗi. Dangar kara ce, ba ta tare magana.

Inna tana tsoron hanya, kowa ya sani ko da ba ta faɗa. Fatake suna kawo labarin motocin da suka kife a gangare, da direbobin da handul ya karya wa hannu. In ana irin wannan hira a tsakar gida sai ta tashi ta sami aikin yi. Da damina ta yi nisa na lura tana aike na wurin Malamin tsangayar ƙauyenmu da ƙwaryar nono ranar Alhamis, in dawo da allo a rufe da ƙyalle. Rubutun tsari ne. Na ɗauka za ta wanke ta ba ni in kai wa Hamma ya sha, amma ba ta taɓa ba ni ba. Ba shi rubutu, ko ta hannuna ne, daidai yake da ta tsaya a tsakar gari ta ce tana sonsa.

Wata Juma'a da hantsi, maza suna gona, na dawo ɗaukar faifai sai na hango ta a gindin motar. Na laɓe bayan rumbu. Ta ɗaga zana, ta buɗe gefen injin kamar wadda ta saba, ta waiga dama da hagu. Tana riƙe da ƙoƙo. Bakinta yana motsi, ta tsiyaya baƙin ruwan nan a hankali a kan baƙin murfin, daidai inda Hamma ya ɗora yatsa. Ta shafa wurin da tafin hannu, yadda take shafa kaina in zazzaɓi ya kama ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta mayar da zana, ta koma gida, ta ɗauki taɓarya. Ni ma ban ga wani laifi a ciki ba. An ce kada ruwa ya taɓa wurin, amma wa zai kira rubutu ruwa?

To, ga kaka ta zo, mota ta ƙi tashi. Ba a jima ba wani ɗan aike ya iso daga Kano da saƙon attajirin: an kusa buɗe cinikin gyaɗa, in motar ba ta iso kafin nan ba zai turo wani direba da makaniki su ɗauke ta, Hamma kuma ya nemi wani aikin. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Direban da mota ta mutu a hannunsa ba mai sake ba shi wata. Zai zauna ke nan a gida, ya yi noma, ya yi aure, ya gaji shanun Baffa. Baffa bai ɓoye murnarsa ba, har ya fara zancen wata 'yar abokinsa a Taura.

Hamma ya daina zuwa gona. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera ƙarafansa, ya fara bin motar gaɓa gaɓa, ni kuma ina miƙa masa abin da ya nuna. Ya fara da mai, ya zuƙi bututun da baki ya tofar, ya ce mai yana zuwa. Ya kwance fulogi, waɗannan ƙusoshi masu farin wuya da wuta ke tsalle a bakinsu, ya kankare su da wuƙa, ya gasa su a garwashin Inna, ya mayar. Shiru. Ya ce ko ɓeraye ne ko gara, ya bi kowace waya da yatsa daga kai har gindi, ya sami wurin da ɓera ya ɗan gwagwiya, ya naɗe da zare da danƙo. Ranar har waƙa ya yi. Ya murɗa handul, shiru. Samarin gari suka tura ta daga kan tudu har kwari, ta gangara kamar gawa, suka sha wahalar dawo da ita da taimakon bijimin Baffa. Baffa ya ce a rubuta wannan rana, ranar da sa ya ja mota.

A kwanakin nan Inna ta canja. Ta dama fura da nonon da ba a tsiyaye mansa ba, ta yi dambu ba salla ba biki, na ji ta tana 'yar waƙar daka da na manta tana da ita. Shi kuwa yana ramewa. Abincin da nake kai masa da ƙyar yake taɓawa. Ni ina tsakiya. In na kalli Inna in so motar ta ruɓe a wurin. In na kalli Hamma zaune a kan buhu ya haɗa kai da gwiwa, in ji kamar in tura ta da kaina har Kano. Juma'ar da ta biyo baya, ya tafi masallaci, na sake ganin Inna ta nufi motar da ƙoƙo. Wannan zuwan ne ya hana ni barci shekara da shekaru. Ko ta ga motar ba ta da lafiya ne ta ƙara mata magani, ko ta gane abin da ke kwantar da ita ne ta ƙara, Allah kaɗai ya sani.

Washegari Hamma ya kira ni. "Zo, Wawulo, ki riƙe mini wayar nan." Na maƙale kafaɗa, na ce ba zan sake gaisawa da ita ba. Ya ce, "In ta sare ki zan sayo miki awarwaro. In ba ta sare ki ba ni ne zan yi kuka." Na rufe ido na riƙe. Ya murɗa da ƙarfinsa duka. Abin da na ji bai kai cizon tururuwa ba, kuma na faɗa masa. Ya ce to wutar tana nan, amma wani abu yana sace ta kafin ta fito. Ya durƙusa ya kwance baƙin murfin, ya fito da shi cikin rana yana juyawa. Ciki da waje wani baƙin abu ya bushe a kansa yana ƙyalli, ya bi tsakanin ramukan wayoyin ya haɗe su. Da farko ya ɗauka ƙuna ce. Ya murza da babban yatsa, abin ya yi danƙo. Ya sunsuna. Sannan ya ɗora yatsan a harshe.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban allo ya san ɗanɗanon tawada, gawayi da ƙaro. Daga baya na ji masu sani suna cewa gawayi hanya ce ga irin wannan wuta, ƙaro kuma yana riƙe laima, shi ya sa take zillewa ta bi ta kansa. Hamma bai yi mini wannan bayani ba. Ya daɗe a durƙushe da murfin a hannu yana kallon danga, inda ake jin Inna tana sheƙar tsaba. Ya juyo ya kalle ni, na sunkuyar da kai. 

Ya ce in kawo masa ruwa mai tsabta da ƙoƙo. Da tsumman mai a gabansa, amma bai taɓa shi ba. Ya yagi gefen farar rigarsa ta Juma'a, ya jiƙa, ya riƙa goge murfin a hankali yana matsewa a cikin ƙoƙon, ya goge jikin ƙarfen, ya goge bakin kowace waya, duk yana matsewa. Ruwan ya yi baƙi, da ɗan maiƙo yana yawo a kai. Na miƙa hannu in karɓa in kai gindin bishiya, inda ba a takawa. Ya janye. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Na ce, "Hamma, akwai mai a ciki." Ya sauke ƙoƙon ba ko ɗigo, ya yamutsa fuska, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai man ne ya sa shi hawaye.

Ya shanya murfin a kan falalen dutse har ya ɗau zafi, ya mayar da shi bayan azahar. Murɗawa ta biyu motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama ruri, kaji da awaki suka bazu, yara suka yi ta tsalle. Na ruga cikin gida in ba da albishir. Na tarar da Inna tsaye da faifai a hannu, tsabar tana zuba ƙasa, kaji suna ci, ba ta kore su ba. Ta ce, "Na ji." Ta shiga ɗaki ta fara ƙulla masa guzuri.

Da safe ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta. Ta amsa tana kallon bango, ta ce in gaya wa wancan Allah ya kiyaye hanya. Na raka shi gindin mota ɗauke da ƙullin dawo. Ya hau, ya ɗaure ƙofa da igiyarta, sannan ya sunkuyo ya ba ni saƙo a kunne saboda ƙarar injin. Na kai saƙon tun ƙurarsa ba ta kwanta ba. Inna tana tsince wake. Hannunta ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sannan ta ci gaba. Ba ta juyo ba.

Hanya ba ta taɓa shi ba. Ya yi jigilar gyaɗa rani guda lafiya lau. Da bazara sanƙarau ya shiga Kano, ya ɗauke shi cikin kwanaki kaɗan a wani ɗakin haya, aka binne shi kafin labari ya iso mana. Baffa ya yi kuka kamar mace. Mata suka cika gidanmu, Inna tana ba su tabarma, tana amsa gaisuwa, idonta a bushe, don ko a mutuwa ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, a hannuna ta cika. Sau da dama na buɗe baki in tambaye ta zancen ƙoƙon nan, sai in ga ba ni da wannan izini. Ita ma ba ta taɓa ɗauko shi ba. Abu ɗaya na lura: har ta mutu, in ta ji ƙarar mota daga nesa, duk abin da take yi sai ta dakata har ƙarar ta wuce.

Da maigidana ya rasu na yi kuka da murya, har 'yan'uwansa suka ce tsohuwa kamata bai dace ba, in yi haƙuri. Na ce su bar ni. Ba nawa kaɗai nake yi ba, akwai wanda aka bar mini tun ina da giɓi.

Yanzu Dutse ta zama birni. Motoci sun fi awaki yawa, da ɗan makulli ake tayar da su, kwalta ba ta san damina ba. Falalen dutsen nan an fasa shi an yi gini. Jikokina suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, su rungume su a bakin titi, su ce kada ka tafi ko ka dawo da wuri, ba mai cewa sun yi rashin kunya. Ina kallonsu ina jin daɗi, ina kuma tuna namu zamanin. Kalma uku ce, kada ka tafi, kuma Inna ta mutu ba ta da ikon faɗarta.

Fuskar Hamma ta ɓace mini, ko na rufe ido ba ta zuwa. Abin da ya rage shi ne warin fetur, da ɗumin numfashinsa a kunnena, da abin da ya ce.

"Wawulo, ki ce wa Inna ba a zubar ba. Na shanye duka."